Tarihin ɗumama gida da tururi da darasinsa ga masu kwana da garwashi

A Yola da Jimeta an fi sanin zafi, musamman a watannin Maris da Afrilu, lokacin da yakan haura digiri 40. Amma idan hunturu ya sauka a Disamba da Janairu, sanyin dare kan sa iyalai da dama su shigar da kaskon garwashi ɗaki, su rufe ƙofa da taga. Matsalar da ke tattare da hakan ita ce ƙasashe masu tsananin sanyi suka daɗe suna neman maganinta, wato yadda za a sami ɗumi ba tare da an kwana da wuta a ɗaki ba.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da suka samo ita ce tururi. Ana girke tukunyar tafasa ruwa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, hayaƙinta na fita waje ta bututu na daban. Tururin kuwa yakan bi wasu bututan ya hau ɗakuna, ya shiga wani ƙarfe mai layi-layi. A nan yake hucewa ya koma ruwa, ƙarfen ya ɗauki zafin ya watsa, ruwan ya gangara tukunya. Zafin da tururi ke saki yayin komawa ruwa ya ninka fiye da sau biyar wanda ake buƙata domin kai ruwan daga digiri 0 zuwa 100.

Wannan ƙarfe ɗan'uwan lagireton mota ne da makanikan Jimeta suka sani. Bambancin shi ne na mota yana zubar da zafin inji waje, na gida kuwa yana zuba shi cikin ɗaki.

Ana danganta lagireton farko ga Franz San Galli, wani ɗan kasuwa a birnin St. Petersburg na Rasha, tsakanin 1855 da 1857. A Amurka, Joseph Nason da Robert Briggs sun fito da samfurinsu a farkon shekarun 1860, sannan Nelson Bundy ya ƙera na zubin ƙarfe a 1872. A 1877 Birdsill Holly ya fara tura tururi daga tukunya guda zuwa gine-gine da yawa a garin Lockport, tsarin da birnin New York ya ɗauka a 1882 kuma yake amfani da shi har yau. Lagiretocin wancan zamani, masu adon furanni, yanzu sun zama kayan tarihi.

Bayan annobar mura ta 1918, jami'an lafiya a Amurka sun nace kan shigar iska ɗaki, har aka riƙa girke manyan lagiretoci masu iya ɗumama ɗaki ko da taga a buɗe take.

Gidajen Adamawa ba sa buƙatar tukunyar tururi, amma suna buƙatar ƙa'idojin nan biyu: raba wuta da wurin kwana, da barin iska ta shiga. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, kuma tana iya kashe mai barci. Alamunta na farko su ne ciwon kai, jiri da tashin zuciya. Don haka a fitar da kasko kafin a kwanta, a bar taga a ɗan buɗe. Wanda ya nuna waɗannan alamu a fitar da shi sarari nan take, a garzaya da shi asibiti.