Kafin A Haɗa Kwamfutar Aiki A Kano

Samari da 'yan mata masu neman halaliyarsu da kwamfuta sun yawaita a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da kewayen Zoo Road, wasu suna rubuta manhaja, wasu suna zana katin biki da fastoci da allunan shaguna, wasu kuma suna tace finafinai. Kuma da yawansu, idan laftof ɗinsu ta fara gazawa, sukan ƙudurta haɗa ta tebur, wato su sayi gaɓoɓinta ɗaya bayan ɗaya a harhaɗa musu. Wannan azama ce mai kyau, domin kwamfutar tebur ta fi jure wahala, ta fi sauƙin gyara da ƙari. Sai dai tambayar da galibi ake fara yi a bakin shago, wato "Core i nawa ce?", ba ita ce ta cancanci gabata ba a garin da wutarsa da zafinsa da ƙurarsa suke da hukunci a kan kowace na'ura.

Abin da ya wajaba mutum ya fara tantancewa shi ne hakikanin aikinsa, saboda buƙatar mai rubuta manhaja dabam take da ta mai zane, ko da yake akan haɗa su a zance. Mai manhaja ya fi muhtajar furosesa mai ƙarfi da RAM mai yalwa. Gigabait 16 shi ne mafi ƙarancin abin da zai zauna da shi lafiya, idan kuwa yana aiki da Android Studio, yana kunna wayar gwaji a cikin kwamfutar, ga shafukan intanet rututu a buɗe, to 32 ce za ta raba shi da jira. Katin hoto mai tsada ba shi da wata fa'ida a gare shi. Haka nan mai CorelDRAW da Photoshop, waɗanda su ne jarin mafi yawan masu zanenmu, sau da yawa injin hoton da ke cikin furosesa ya ishe shi, muddin bai sayi ta Intel mai harafin F a ƙarshen lambarta ba, domin wannan ba ta fitar da hoto sai da kati. Wanda katin ya zame masa lalura shi ne mai Blender da mai tace bidiyo mai nauyi, kuma shi ma ya dubi girman ma'ajiyar katin, kada ta gaza gigabait 8.

Game da furosesa, zamaninta ya fi sunanta muhimmanci. Core i7 ta ƙarni na huɗu, wadda ta fito a 2013, ba ta kama ƙafar Core i5 ta ƙarni na 12 ba, alhali a kasuwa sunan i7 kaɗai yakan sa mai saye ya saki kuɗinsa da murna. Ga kuma wata mas'ala: tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba, Windows 11 kuwa ba ta amince da furosesar Intel da ke ƙasa da ƙarni na takwas ba, in ban da 'yan ƙalilan. Sannan lallai ne gaɓoɓin su dace da juna, gama Ryzen ta AMD mai mazaunin AM4 ba ta hawa madabod na AM5, shi kuma AM5 ba ya karɓar RAM sai DDR5, kuma DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna ko da an tilasta.

Amma gaɓar da aka fi tauye wa hakki, wadda a ganina ita ce ta fi cancantar a fara ware mata kuɗi a Kano, ita ce fawa-fak, akwatin nan da ke karɓar wutar gari ya rarraba ta ga sauran sassa. Wutar da aka ƙayyade mana ita ce bolt 230, amma duk wanda ya zauna a unguwannin nan ya san yadda takan zo ba ƙarfi da magariba, da yadda takan ɗauke ba sallama ta dawo da fushi, balle kuma ta ƙaramin janareta, wadda take hawa da sauka gwargwadon nauyin da aka ɗora masa. Mutumin da ya kashe dukiyarsa a kan furosesa da kati, sa'an nan ya ɗauki fawa-fak marar suna don rangwamen 'yan dubbai, daidai yake da wanda ya gina bene a kan tubalin toka, domin ranar da ya ƙone ba safai yake tafiya shi kaɗai ba. A nemi na kamfani sananne mai shaidar 80 Plus, wanda ƙarfinsa ya ɗara buƙatar na'urar da rata, a haɗa masa da UPS mai daidaita wuta, wanda zai ba mutum 'yan mintuna ya adana aikinsa ya kashe cikin natsuwa. Wanda yake kan sola da inbata kuma ya yi lissafi tun da wuri, saboda babban katin hoto shi kaɗai yana iya shan wat 200 ko fiye, kuma batir ne zai biya wannan da daddare. Ko mai wutar KEDCO bai tsira daga lissafin ba, tun da aka kai kuɗin rukunin Band A naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024.

Bayan wuta sai zafi da ƙura. A watannin bazara zafin Kano yakan haura digiri 40, kuma furosesa idan ta yi zafi fiye da kima da kanta take rage gudu don kada ta halaka, sai mai ita ya zaci an sayar masa da jabu. Saboda haka akwati mai raga a gaba, mai fankoki da matatar ƙura, ya fi wanda aka rufe da gilashi aka ƙawata da fitilu masu launi, wanda ado ne kurum. A ɗaga shi daga ƙasa, a riƙa hure shi lokacin hunturu.

Ajiya ba ta buƙatar dogon bayani: SSD irin NVMe don Windows da aikin yau da kullum, tsohon faifai mai juyawa don adana abin da aka gama. Monita kuwa ga mai zane ba wurin tsimi ba ce, ya nemi irin IPS, wadda launinta ba ya sauyawa idan an dube ta daga gefe. Ko da yake ita ma ba za ta hana saɓani da mai ɗab'i ba idan an yi zanen da launin RGB aka kai injin da ke aiki da CMYK.

Saura batun saye. Tun da darajar naira ta faɗi bayan watan Yunin 2023, kayan hannu suka zama mafakar mutane da yawa, ko a kasuwar Farm Centre, ko a Beirut Road, ko a yi saƙo daga Computer Village da ke Ikeja. Babu laifi a cikin wannan idan an bambance: furosesa da RAM ba kasafai suke lalacewa ba, ana iya sayensu na hannu, amma fawa-fak da SSD suna tsufa ta ciki inda ido ba ya gani. A kuma kula da kwamfutocin ofis na HP da Dell da ake kawowa da araha, domin yawancinsu akwatinsu matsattse ne, mahaɗar wutarsu kuma ta kamfaninsu ce kaɗai, ba sa karɓar babban kati.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da yin bayani a babin ciniki cewa garari, wato cinikin abin da ba a san hakikaninsa ba, haramun ne, ɓoye aibi ha'inci ne, kuma ya halatta a yi sharaɗin zaɓi na wasu kwanaki don a jarraba haja. Wannan hukunci ya dace da kayan kwamfuta ƙwarai. A kunna na'urar a gaban mai shago, a buɗe manhajar CPU-Z a ga ko abin da ke ciki shi ne abin da aka ambata, a buɗe manhajar CrystalDiskInfo a ga awannin da faifan ya yi yana aiki, sa'an nan a rubuta lambar kowace gaɓa da adadin kwanakin gwaji a jikin rasit kafin a biya.