Harshe da Haƙƙin Mai Amfani da Waya: Nazari Daga Kasuwan Magani

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan muƙala ita ce ta nuna cewa haƙƙin da doka ta ba mai amfani da wayar salula ba ya isa gare shi sai ya sami suna a harshen da yake ciniki da shi. An ɗauki Kasuwan Magani, cikin Ƙaramar Hukumar Kajuru ta Jihar Kaduna, a matsayin misali, domin a can ne Adara da Gbagyi da Fulani da Hausawa suke cuɗanya, kuma Hausa ce harshen da ya haɗa su, ko da yake ga da yawansu harshe na biyu ce.

Dokoki dai akwai su. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare gidan ɗan ƙasa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya. Dokar Sadarwa ta 2003 ta ɗora wa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, kare masu sayen layi. A watan Yuni 2023 kuma aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai. Dukkansu da Ingilishi aka rubuta su.

2.0 Kalmomi Uku

2.1 Data

Bahaushe ya ari kalmar data, amma ma'ana ɗaya kawai ya ɗauka, wato abin da ake saye a shiga intanet. Shi ya sa ake cewa "na sa data" ko "data ta ƙare". Ɗaya ma'anar, wadda doka take nufi, ita ce sunan mutum da hotonsa da zanen yatsunsa da lambarsa ta ɗan ƙasa, wadda aka wajabta haɗawa da layin waya tun Disamba 2020. Wannan ma'ana ba ta shigo tare da kalmar ba.

Akwai kuma matsalar furuci. Sanannen abu ne cewa masu jin Hausa a matsayin harshe na biyu sukan haɗe /k/ da /ƙ/. Saboda haka waɗannan jimloli biyu suna iya zama ɗaya a kunnen mai sauraro:

(1) Kamfani zai kare data.
(2) Kamfani zai ƙare data.

Ta farko alkawari ce, ta biyu kuwa ita ce ainihin kukan da jama'a suke yi. Mai fassarar da ya rubuta "kare data" ya yi aikin baban giwa. "Tsare bayanan mutum" ya fi dacewa.

2.2 Sirri

Nan ne matsalar ta fi zurfi. Kafofin watsa labarai sun saba da "haƙƙin sirri". To amma sirri a Hausa abu ne da ake ɓoyewa, kuma mai yawan sirri abin zargi ne. A yankin da ya sha fama da rikici, kamar na Oktoba 2018 wanda ya ci rayuka fiye da 50 a Kasuwan Magani, da kuma satar mutane, wanda ya tashi yana neman a bar masa sirrinsa tambayar da za a fara yi masa ita ce: me kake ɓoyewa? Ta haka kalmar da kanta take kashe wa mai haƙƙi gwiwa.

A ganin wannan marubuci, "rufin asiri" ya fi kusa da abin da ake nufi. Rufin asiri ba na mai laifi ba ne. Kowa yana roƙonsa, Musulmi da Kirista, mai shi da marar shi. Idan manhajar bayar da bashi ta kwashe lambobin da ke cikin wayar 'yar kasuwa, ta aika wa surukanta saƙo cewa ta ci bashi, ba wanda zai ce an taɓa sirrinta. Cewa za a yi an tona mata asiri, kuma kowa ya san girman wannan. Shi kuwa kamfanin da aka ba bayanai, amana aka ba shi, kuma Hausa tana da sunan wanda ya sayar da abin da aka ba shi ajiya.

2.3 Yarda

Dokar 2023 ta ce shiru ba yarda ba ne, kuma a nemi yardar mutum da harshe mai sauƙi. Sauƙi ga wa? Manomin da ya miƙa wayarsa ga yaron shago ya latsa masa ba a ce ya yarda ba. Ko hanyar tsayar da saƙonnin talla da NCC ta fito da ita a 2016 tana bukatar a rubuta STOP a aika wa 2442, ga mutumin da watakila ajami kaɗai ya iya. Lambar kai ƙara ta 622 ta fi sauƙi, tun da magana ce, in an san da ita.

3.0 Katse Layi

A ranar 30 ga Satumba 2021 aka katse layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna bisa dalilin tsaro, bayan an riga an yi haka a Zamfara, kuma ba a maido da su ba sai ƙarshen Nuwamba. Mu da aiki ya raba mu da gida mun san abin da waya take ɗauke da shi na zumunci da aiken kuɗi. Ba muhawarar tsaro ce ta dame mu a nan ba, sai yadda aka faɗi abin. Jama'a cewa suka yi "sabis ya ɗauke", kamar yadda ake cewa ruwa ya ɗauke, jimlar da ba ta da mai aikatawa. "An ɗauke sabis" kuwa tana nuna akwai hannu, duk da ta sakaya shi. Wanda ya sayi datar wata guda ta lalace a wayarsa ba zai nemi diyya ba matuƙar jimla ta farko ce a bakinsa, domin ba a kai ƙarar damina.