Idan Gas Ya Baƙanta Tukunya

A garuruwa irin Bangi, cikin gundumar Madawa, ba wanda yake mamakin baƙin tukunya. Matar da ta tashi tana girki da karan gero da kashin shanu ta san gindin tukunya baƙi ne, rufin madafa kuma sai kunkunniya ta rataya kamar gemu. Shi ya sa idan ta koma ga gas ta ga tukunya ta soma duhu, sai ta ɗauko toka da soso ta goge ta ci gaba da harkarta. Kuskuren ke nan. A murhun duwatsu uku baƙi al'ada ce, a kan gas kuwa alamar ciwo ce.

Gas bai daɗe da shiga gidajen talakawa ba. Sai bayan da aka buɗe matatar man SORAZ ta Damagaram a watan Nuwamba na 2011 ne tulun gas mai kilo 6, wanda ake ɗaura wa murhu a ka, ya soma yawaita. Mutanen Madawa da kewaye kuwa sun fi kowa sanin tsadar itace, domin sun ga wahalar da aka sha wajen dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya na Buza tun 1975, da aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da aka fara a 1984.

To me ke kawo baƙin? Ƙarancin iska. Awo ɗaya na gas ɗin butan yana buƙatar wajen awo 31 na iska kafin ya ƙone sarai. Idan ya samu, wuta takan fito shuɗiya, gajera, tana ɗan huci. Idan bai samu ba sai ta yi rawaya, ta yi tsawo, tana lilo tana lasar gefen tukunya. Wannan rawayar ƙwayoyin gawayi ne da ba su ƙone ba, su ne suke maƙalewa su zama baƙi. Asarar ma biyu ce: gas ya tafi a banza, baƙin kuma ya tare zafi, girki ya daɗe.

Masu toshe iskar duk ƴan gida ne. Akwai kunun da ya tafaso ya zuba cikin ramukan murhu ya bushe, akwai ƙurar hunturu. Amma wanda ya fi ba ni dariya shi ne zanzaro: a ajiye murhu sati biyu, sai ka tarar ya gina ɗakinsa na laka a cikin bututun da gas da iska suke haɗuwa. Gizo-gizo ma yana saƙa a wurin. Wasu matan kuma, don gudun iska a tsakar gida, sukan kewaye murhu da kwano har ya rasa inda zai yi numfashi.

Gyaran ba ya son kuɗi. A rufe tulu, a bar murhu ya huce, a kwance kan, a jiƙa shi cikin ruwan ɗumi da omo, a bi ramukan da tsohon burushin haƙori, a leƙa bututun a kakkaɓe, a shanya har ya bushe ƙayau. Ɗan ƙaramin ramin da gas ke fitowa kuwa kada a soka masa allura. Idan ya faɗaɗa, gas zai fi ƙarfin iska, baƙin ya dawwama. Bayan an mayar, a shafa kumfar sabulu a mahaɗa. In ta yi ƙwai, akwai yoyo. Wutar da ta ƙi komawa shuɗiya bayan wannan, kan murhun ne ya gaji, a sake shi.

Abin da ya fi damuna shi ne watannin ɗari, Disamba da Janairu, lokacin da ake shigar da tulu ɗaki a ja ƙofa, a dafa shayi a kuma ji ɗumi. Wutar da ke baƙanta tukunya ita ce ke fitar da iskar guba da ake kira kabon monoksaid. Warin da ake ji a gas da gangan aka zuba shi don a gane yoyo. Ita kabon monoksaid kuwa ba ta da wari ko launi, kuma tana kama jini fiye da iskar numfashi sau ɗari biyu da ɗoriya. Takan fara da ciwon kai da jiri da kasala, abin da mutum zai ce gajiyar gona ce ya gyara kwanciya. In mutanen ɗaki guda suka ji haka tare, a kashe wuta, a buɗe ƙofa, a fitar da kowa waje, yara tukuna, sannan a nufi likita.