KAFANCHAN: GARIN DA JIRGIN ƘASA YA HAIFA

Wanda ya shiga Kafanchan ran Alhamis da safe zai ga motoci cike da aladu sun nufi kasuwar Katsit, 'yan kasuwa kuma sun zo saye tun daga Kudu. Amma in ya ratsa ta tashar jirgi sai ya tarar da tsofaffin taragai suna tsatsa, ciyawa ta hau dogo. Akwai darasi a nan dominmu manoma, shi ya sa muka ga ya kamata mu waiwayi tarihin garin.

Mutanen Fantswam su ne suka daɗe zaune a wurin, suna noman acca, da dawa, da gwaza. A 1927 layin dogo da ya taso daga Fatakwal, ya bi ta Enugu da Makurɗi, ya haɗu da na Kaduna. Aka kuma ja reshe zuwa Jos domin kwasar kuza. A Kafanchan hanyoyin nan suka rabu, sai wurin ya zama mararraba. Ma'aikatan reluwe suka zo da iyalansu, Ibo da Yarabawa da sauransu. Hausawa suka kafa rumfunan ciniki. Bajju, da Atyap, da Ham, da mutanen Kagoro suka riƙa kawo amfanin gona a ka. A 1933 Sarkin Jama'a ya dawo da fadarsa cikin sabon garin. Masu bishara kuma suka buɗe makarantu da ɗakunan shan magani a kewaye, har a Kagoro, nan kusa, aka kafa ekklesiyar ECWA a 1954.

A zamanin nan kukan jirgi shi ne agogon gari. Mai tuwo, da ɗan dako, da tela, da mai gidan haya, duk a kan albashin reluwe suke rataye. Da manyan motoci suka ƙwace lodi, aikin reluwe ya lalace, sai jiragen suka yi ta raguwa har tasha ta yi shiru. Gidaje da yawa sun ji jiki. Abin da ya riƙe garin shi ne ƙauyukan da ke kewaye da shi: masara, doya, aladu, da uwa-uba citta.

To, kuskuren da gari ya yi da jirgi, mu ma mun yi shi da citta. Da muka ga tana kuɗi, waɗansunmu suka mai da gonar abinci duka ta citta, har da cin bashi. A damunar 2023 cuta ta faɗa mata a Kachia, da Jaba, da Kagarko, da ƙasar Jama'a. Ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa. Mun shiga gidajen da aka rasa iri, aka rasa kuɗin makaranta, rumbu kuma wayam. Waɗanda suka ɗan sami sauƙi su ne masu masara a gefe, da akuya ko alade a garke.

Ba za mu ɓoye wani ciwon ba. Rikicin Maris 1987, da na bayan zaɓe a Afrilu 2011 wanda aka ƙone babbar kasuwa, sun raba unguwanni, sun raba zukata. Manomi ne ya fi kowa hasara, gama kasuwa ba ta ci da mutum ɗaya. Mai saye da mai sayarwa, Kirista da Musulmi, kowa yana bukatar ɗan'uwansa.

Saboda haka ga shawararmu ga kowace jam'iyyar gama kai. Na fari, a fara shuka abin da iyali za su ci, sa'an nan na sayarwa. Na biyu, kada a maimaita citta a gonar da cuta ta kama. A sa mata hatsi na 'yan shekaru, a ta da kunya sosai domin ruwa kada ya kwanta, a kuma bincika asalin iri kafin a saya. Na uku, a gina rumbun jam'iyya, kowane mamba ya zuba mudu kaɗan da kaka, kamar yadda Yusufu ya yi tanadi a Masar tun ana cikin ƙoshi. Na huɗu, a haɗa kaya a sayar tare, domin dillali ba ya taya wa mai buhu hamsin yadda yake taya wa mai buhu biyu. Zumuntar mata sun riga mu da adashinsu, bari mu koya daga gare su.

Gari yana ta faɗi, gonaki na bakin gari suna komawa filayen gini. Kafin ku sayar da gonar gado, ku zauna da iyali ku yi tunani, gama kuɗin fili yakan ƙare. Muna roƙon shugabanni su karanta wannan a taron wata mai zuwa, su aiko mana da abin da suka shirya. Ubangiji shi albarkaci aikin hannuwanmu. Amin.