Ciwon gwiwar hannu: ba sanyi ba ne, jijiya ce ta gaji

A nan Abuja, daga garejin makanikai na Apo zuwa kasuwar katako ta Dei-Dei, kuka ɗaya nake yawan ji: mutum ya ɗaga butar shayi ko ya murɗa sifana, sai zafi ya soke shi a gefen gwiwar hannu ta waje. Mahautanmu na Agege da masu suya a Sabon Ibadan ma sun san shi. Turawa na ce masa ciwon 'yan wasan tanis, amma mu wuƙa da guduma da matse wanki ke jawo mana.

Tsokar da ke ɗaga wuyan hannu tana manne ne da ɗan ƙullutun ƙashin nan ta wata jijiya. In ana damƙa ana murɗawa kullum ba hutu, sai jijiyar ta riƙa ƙananan yagewa. Ya fi kama masu shekara 30 zuwa 50.

Gane shi ba wuya. Likita zai danna ƙullutun, ya sa ka miƙe hannu ka ɗaga wuyan hannunka sama yana dannewa. In zafin ya tashi a wurin, to shi ne. Hoton ƙashi galibi ba ya nuna komai, don haka mai ɗori ba shi da abin ɗorawa.

Ni abin da na fi jiye wa mutanenmu shi ne allurar siteroyid. Takan kwantar da ciwon na 'yan makonni, ka koma bakin aiki da ƙarfi, amma bincike ya nuna bayan shekara waɗanda aka yi wa sun fi fama da dawowarsa. Haka ɗirkar diclofenac daga kemis kullum, gyambon ciki da ciwon ƙoda yake haifarwa. Gara na shafawa.

Mai neman na cefane ba zai ajiye aiki ba, na sani. To a rage: a wasa wuƙa, a kauraro marikin guduma da tsumma, a ɗauki kaya tafin hannu na kallon sama, a ɗora ƙanƙara a ƙyalle na minti 15. A sashen gashin ƙashi, irin na Asibitin Ƙasa a Abuja ko Igbobi a Legas, za a koya maka riƙe ƙaramin nauyi kana sauke wuyan hannu a hankali. Yawanci yakan warke cikin shekara guda, wani har biyu.

Amma in gwiwar ta kumbura da zazzaɓi, ko yatsu sun sandare, ko faɗuwa ka yi, wannan wani ciwon ne daban, a tafi asibiti ranar.