Motar Tsere Ta Hannu: Sayenta Da Riƙonta

Kwanakin baya wani saurayin malami, wanda muka koyar a kwalejin horon malamai, ya zo mana da shawara. Ya ga wata 'yar mota ja mai kujera biyu a wurin dillali, rufinta na tamfol, kuɗinta bai kai na Corolla sa'arta ba, yana so ya ci rance ya saya. Muka ce masa ya dakata tukuna. Da yake ba shi kaɗai ne wannan sha'awa ta kama ba cikin malamai da akawuna, mun ga ya kyautu mu baje maganar a nan kowa ya gani.

Motar da ya gani ita ce Mazda MX-5, wadda mutanen Amurka ke kira Miata. A birnin Hiroshima na Japan ake ƙera ta. An fara nuna ta a Chicago cikin 1989, ya zuwa 2016 kuwa an ƙera miliyan guda, abin da wata mota irinta ba ta taɓa yi ba. Samfuri huɗu ne: na fari daga 1989 zuwa 1997, mai fitilun da ke ɗagowa kamar idon kwaɗo, na biyu daga 1998, na uku daga 2005, na huɗu daga 2015. Mun zaɓe ta misali domin ita ce mafi sauƙin hali cikin danginta. Abin da ya yi wa mai ita nauyi, to, ga mai Porsche ko BMW sai a ninka.

Abu na fari, kada a yi cinikin biri a sama. A tafi da bakanike wanda mai saye ne zai biya shi, ba abokin dillali ba, a hau da motar kan rami a duba cikinta da tocila. Babban ciwon wannan mota tsatsa ne. Ruwan da ya zuba bisa rufin tamfol yana da 'yan hanyoyi da yake bi ya fita ta ƙasa. In ƙura da ganye suka toshe su, sai ruwan ya kwanta cikin ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa, daidai gaban tayar baya, ya yi ta ci daga ciki. Kafin fenti ya kumbura a waje, aikin gama ya gama. Samfuri na biyu kuma har ƙarfen gindin inji yakan ruɓe. Motar da ta zauna a arewacin Amurka ko Kanada, inda ake barbaɗa gishiri bisa hanya lokacin ƙanƙara, ita ta fi wannan cuta. Mota marar rufin ƙarfe kuwa ƙarfinta duka a gindinta yake, saboda haka tsatsar wurin nan magana ce ta rai, ba ta ado ba.

Sa'an nan a karanta lambar jikin motar, mai haruffa da alƙaluma 17, a sa wanda ya iya ya bincika tarihinta ta intanet. Motoci da yawa da ake kawowa Afirka ta Yamma kamfanonin inshora na can ne suka yi gwanjonsu bayan haɗari ko ambaliya, irin wadda ta ci birnin Houston cikin 2017. A ɗaga dardumar ƙasa a shinshina. Warin rima da laka cikin lungu ba su ƙarya, wayoyin motar da ta sha ruwa kuwa ba su gama warkewa har abada. Wadda sitiyarinta ke dama, ta Ingila ko Japan, a bar ta ko da kyauta ce. Tun ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, juya sitiyari a garejin bakin hanya kuwa wasa ne da birki da rai.

Injinta, gaskiya, ba shi da laifi. Silinda huɗu ne, lita 1.6 ko 1.8 a samfuran fari, duk bakaniken da ya san injin Japan zai gane shi. Samfuri na fari da na biyu suna da bel na roba mai daidaita bugun inji, ana sake shi kowace mil 60,000. In mai sayarwa bai nuna takardar sakewa ba, a ɗauka ba a sake ba, a rage kuɗin cikin ciniki. Samfuri na uku sarƙa gare shi, ya huta da wannan. A dubi kan lagireto: roba ne, baƙi yake da sabunta, in ya koma ruwan ƙasa ya kusa fashewa. Zafin watan Afrilu a ƙasarmu ba ya yafe wa tsohon lagireto, inji kuwa in ya tafasa sau ɗaya, gyaransa ya fi kuɗin lagireto goma.

Wahalar tana wajen kaya. Filogi, da matatar mai, da baƙin mai, waɗannan ana samu ko'ina. Amma rufin tamfol, da gilashin gaba, da fitila, da shokozoba, mutum na iya zaga Ƙofar Ruwa a Kano da Fanteka a Kaduna ya dawo hannu rabbana, gama ɗan kasuwa ba ya ajiye abin da mutum ɗaya cikin dubu ke nema. Sai a aika Ladipo a Legas, ko a yi oda daga waje da dala, a zauna jira. Muna da wani aboki da motarsa ta yi wata biyu a ƙarƙashin darbejiya saboda hannun giya guda, shi kuwa yana zuwa ofis a bayan ɗan acaba, yara na yi masa dariya. Rufin kuma rana ke cinsa. Wanda ba shi da rumfa a gida ya sa wannan cikin lissafi.

Kada kuma a manta da hanya. Tsakanin cikin motar da ƙasa bai kai taƙi guda ba. Malamin da aka yi wa canji zuwa makarantar ƙauye, inda damina ke yanke hanya, zai bar salansarsa a kwazazzabo na fari. Kujera biyu ce tak: uwargida ta shiga, yara fa? But ɗinta ba ya ɗaukar buhun masara.

Saura inshora, wadda samari suka fi rainawa. Tun dokar 1945 aka wajabta wa mai mota a ƙasar nan ya yi inshorar da za ta biya wanda ya yi wa ɓarna. Cikin Janairu 2023 hukumar NAICOM ta mai da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Amma a lura, wannan ba ta biyan mai mota ko anini a kan tasa motar. Mai son a biya shi sai ya yi cikakkiyar inshora, wadda hukumar ta ce a wannan shekara kada ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. A yarda da kamfani a rubuce kan darajar tun ranar farko, a tambaya ko za su biya kayan da sai an yi odarsu. A guji takardar da ake saya a bakin ofishin lasin hannun wanda ba a sani ba, da yawa jabu ne. Ana iya duba lambar mota cikin rajistar NIID a tabbatar. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshora ba, akwai kamfanonin takaful masu lasin.

Abin da muka gaya wa ɗalibinmu shi ne ya rubuta kuɗin saye, ya ɗora na bel da lagireto da taya huɗu da cikakkiyar inshora, da na mai tun da aka janye tallafi cikin Mayu 2023, ya raba da albashinsa bayan an cire rance. Ya zauna a ofishinmu ya yi lissafin da fensir, ya yi shiru, ya ce zai koma ya sake duba Corollar.