Ƙona Ƙarin Hanta da Allura: Lissafin da Ke Gaban Majinyata da Masu Jari a Suleja

SULEJA — Idan likita ya shaida wa ɗan kasuwa cewa ciwon daji ya kai hantar wani nasa, abin da ya fara zuwa ransa shi ne fasfo da kuɗin jirgi zuwa Indiya ko Masar. Haka aka saba yi a Suleja, kamar sauran garuruwan Arewa. Sai dai tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin gwamnati zuwa fiye da naira 1,500 a 2024, wannan tafiya ta fi ƙarfin mutane da yawa. Shi ya sa ya kamata a san hanyoyin jinyar da ake iya yi a gida, musamman ƙona ƙari da allura ba tare da an tsaga ciki ba.

Sarkoma wani nau'in ciwon daji ne da ke tsirowa daga tsoka, ƙashi, kitse ko jijiyoyin jini. Ba shi da yawa, domin bai wuce kashi 1 cikin 100 na ciwon dajin manya ba. Wanda ya tsiro a hannu ko ƙafa ya fi yaɗuwa zuwa huhu, amma wanda ya fara a cikin ciki, kamar na tsokar hanji da ake kira GIST, hanta ce masaukinsa na farko, saboda jinin hanji ta cikinta yake bi.

A da, tiyata ce kawai hanyar cire irin wannan ƙari. A farkon shekarun 1990 likitoci a Italiya da Amurka suka soma gwada wata dabara: a soka allura siririya ta fata, ana kallon ta a na'urar hoton ciki ko ta siti-sikan, har bakinta ya shiga tsakiyar ƙarin, sa'an nan a saki zafi ta igiyar rediyo. Da zafin ya haura digiri 60 ƙwayoyin ciwon sukan mutu nan take. Daga baya aka samu ta maikurowef, wadda ta fi sauri, da kuma wadda ke daskarar da ƙarin da sanyi. Majinyaci kan koma gida bayan kwana ɗaya ko biyu, kuma ana iya maimaita aikin idan wani ƙarin ya fito, abin da sarkoma ya shahara da shi.

Amma aikin yana da iyaka. Ya fi yin tasiri idan ƙarin bai wuce santimita 3 ba, kuma ba su da yawa. Idan yana jingine da babbar jijiya, jinin da ke gudana yakan kwashe zafin, a bar saura da rai. Wani bincike mai suna COLLISION da aka gudanar a Holan, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2024, ya nuna cewa ƙonawa ba ta gaza tiyata ba wajen ƙananan ƙari, to amma a kan ciwon dajin babban hanji aka yi shi. Hujjar da ake da ita game da sarkoma daga rukunonin majinyata kaɗan ta fito. Saboda haka duk wanda ya tallata wannan aiki a matsayin waraka ga kowa, ciniki yake nema. Hasali ma mai GIST da ƙwayar imatinib ake fara masa, wadda aka amince da ita kan wannan ciwo a 2002, ƙonawar kuwa taimako ce ga maganin.

Ta fuskar jari, injin ƙonawa ƙarami ne, ana tura shi a kan keke, ba ya bukatar ɗaki mai kaurin bango irin na na'urar gashi. Nauyin yana wani wuri dabam. Allurar sau ɗaya ake amfani da ita a yar, daga waje ake shigo da ita, da dala kuma ake biya. Wato duk motsin da canji ya yi sai ya bayyana a takardar kuɗin majinyaci. Ga kuma wuta: Jihar Neja ce ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, amma babu likitan da zai soka allura a hanta bai tanadi janareta ba. Na uku, wanda ya fi duka wuya, shi ne ƙwararren likitan hoto mai aiki da allura. Ba su da yawa a ƙasar nan, mafi yawansu kuma suna Legas da Abuja.

A nan ne kusancin Suleja da babban birnin tarayya yake da amfani. Majinyacin da aka tura daga Babban Asibitin Suleja yana iya isa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, ko Asibitin Ƙasa da aka buɗe a 1999, ya dawo a rana ɗaya. Matsalar ita ce lokacin da yake zuwa. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ta nuna sababbin masu ciwon daji kusan 128,000 a Nijeriya, da mace-mace kusan 80,000, kuma likitoci sun daɗe suna kukan cewa akasarin majinyata sai ciwo ya ci ƙarfinsu suke zuwa. Ƙarin da ya kai girman lemo ya wuce aikin allura.

Don haka a ganinmu mai jarin da ke Suleja bai kamata ya fara da sayen injin ƙonawa ba. Gurbin da ke buɗe shi ne na cibiyar ɗaukar hoto mai inganci da ɗakin gwajin tsoka, inda za a riƙa duba hantar wanda aka taɓa cire wa sarkoma duk bayan 'yan watanni, a kama ƙarin tun yana ƙarami, a tura shi Abuja da cikakken sakamako. Hukumar zuba jarin ƙasa ta NSIA ta bi irin wannan hanya lokacin da ta kafa cibiyar gwaje-gwaje da ɗaukar hoto a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, bayan cibiyar ciwon daji da ta buɗe a Legas a 2019.

Saura batun wanda zai biya. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowane ɗan ƙasa, amma yawancin 'yan kasuwa har yanzu daga aljihu suke biyan asibiti. Asusun tallafin ciwon daji na Gwamnatin Tarayya kuwa da ciwon nono da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza ya fara aiki, ba a sa sarkoma a jerin farko ba.